Gilashin 4mm na na'urar hangen nesa yana nuna min wata dishi-dishi

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Na'urar hangen nesa ce mai faɗin baki 70mm, tsawon tattara haskenta 900mm. Da gilashin 4mm, wato ƙaramin gilashin da ake sa ido a leƙa, wata ba ya fitowa tar. Ina matsalar?

Na Runjin Sambo: Malam, raba 900 da 4, girman ya ninka sau 225. Bakin 70mm bai ɗaukar fiye da ninki 140, sai duhu da rawa. Sa gilashin 25mm ka kamo watan, sannan 10mm, ninki 90, ramukansa za su fito. Kafin sayen gilashi auna ramin saka shi, inci 1.25 ne ko 0.965.

'Yar Gawon Nama: Da hunturu kada ka goge ƙura da bakin riga, yashi yana karce gilashi. Busa da famfon roba tukuna.