Manaja ko koci? A taimaka mu tsayar da kalma ɗaya

Jama'a ina rubuta tarihin Dusty Baker ne, ɗan wasan besbol na Amurka, sai kalmomi suka tsaya min a wuya. Ɓangaren wasansa bai ba ni wahala ba, ya fara da Atlanta Braves a 1968, ya koma Los Angeles Dodgers a 1976 inda suka ci World Series, wato wasannin ƙarshe na fid da zakaran babbar gasar besbol ta Amurka, a 1981, ya ajiye sanda a 1986. Matsalar ta fara ne daga inda ya koma koyarwa.

A 1988 San Francisco Giants suka ba shi aikin tsayawa kusa da base na farko, wato wurin farko da mai bugu ke rugawa ya tsaya bayan ya bugi ƙwallo da sanda, yana nuna wa ɗan wasa ya ruga ko ya dakata, daga baya ya zama mai koyar da bugu, sai a 1993 aka ɗora shi kan ƙungiyar baki ɗaya, su kuma a can wannan muƙamin manager suke ce masa. To ni fa manaja bai kwanta min ba sam. Da ka ce manaja Bahaushe ofis zai gani da tebur da fayil, alhali wannan mutum rigar 'yan wasa yake sawa har da lamba a baya, yana zaune da su a benci, shi ke tsara wa zai fara bugu, kuma da ƙafarsa yake shiga fili ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifa idan ya gaji. Mai sayen 'yan wasa da ƙulla kwantiragi daban ne, wancan ne ya cancanci a kira shi manaja.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce mai horaswa kawai. Ai duk masu horaswa ne malam, da shi da na ƙasansa, ta yaya mai karatu zai gane cewa 1993 ɗin ƙarin girma ne? Wata 'yar'uwa ta kawo jagora, yana da daɗi amma kyaftin ma jagora ne.

Ni dai na tsaya a kan babban koci. Na ƙasansa kuma kocin bugu, kocin jifa.

Wadda ta fi faranta min rai ita ce base, wallahi zango ne! Ɗan wasa ya bar gida, ya yada zango na ɗaya, na biyu, na uku, in Allah ya yi ya dawo gida a rubuta masa maki, kalmar tamu ce tun zamanin fatake kuma ta zauna daram. Kenan Baker kocin zangon farko ya fara zama, sannan kocin bugu, sannan babban koci, har ya ci World Series da Houston Astros a 2022 yana da shekara 73.

Da haka zan rubuta, sai dai in wani na da wadda ta fi zango, ya kawo mu ji.