Neman shawara: kotu ta sayar da kayana saboda bashi, ta yaya zan sake samun jari?

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, shinkafa da man girki nake sayarwa a kan sari. Na karɓi rancen banki domin in faɗaɗa harka, na kuma ba wasu abokan ciniki na Mubi da Yola kaya bashi, da sharaɗin su biya da naira. Da naira ta faɗi a 2023, abin da suka biya bai kai rabin kuɗin kayan ba idan aka mayar da shi sefa, wasu kuwa har yau ba su biya ba. Surukina ne ya haɗa ni da su, ya rantse mini mutanen kirki ne, yanzu kuma ko gaisuwata ba ya amsawa, har ya hana iyalinsa zuwa sunan ɗiyata, alhali ni na biya masa kuɗin asibiti lokacin da ya kwanta. Daga ƙarshe kotu ta sa aka sayar da kayan shagon da motar ɗaukar kaya. Yanzu ina son sefa miliyan 3 in sayi masara da kaka in ajiye. Shin in koma banki, ko in je ƙananan bankunan rance, ko in yi rajistar sabuwar sana'a da sunan maiɗakina?

Tsohon ma'aikacin kotu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin surukinka, amma ba ka faɗi abin da alƙali ya rubuta ba, kuma a nan maganar take. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Cadi ke aiki da ita, aka kuma sabunta sashenta na karayar arziki a 2015, sayar da dukiyar ɗan kasuwa a biya masu binsa abu ɗaya ne, hukuncin hana shi kansa yin kasuwanci wani abu ne dabam, wanda akan yanke idan an same shi da laifi kamar ɓoye dukiya ko rashin riƙe littattafan lissafi. Idan an yanke maka na biyun, doka ta hana ka kasuwanci ko da ta hannun wani ne, saboda haka zancen sunan matarka bai taso ba. Ka je ofishin magatakardar kotu ka karɓi kwafin hukuncin kafin ka taka ƙofar kowane banki.

Hajiya daga Marwa: Allah ya mayar da alheri, ɗana. Ka rabu da banki, ka shiga adashi na mutanen da suka san ka, ko da na sefa dubu 10 ne a mako, ka kuma yarda a ba ka kwasar ƙarshe domin a ga amanarka. Sai dai ka duba uwar adashin da kyau. Tamu ta tattara kuɗin mutum 20 ana gab da azumi ta tsallaka iyaka, kuma har yau mijinta yana zaune a ƙofar gida yana ce mana bai san inda take ba.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya, amma adashin dubu 10 ba zai sayi masarar da nake nufi ba kafin kaka ta wuce. Yallaɓai, ni ban ɓoye ko buhu ɗaya ba. Littafin lissafi kuwa, wane ɗan kasuwa ne a layinmu yake rubuta komai? Da amana muke ciniki tun zamanin iyayenmu.

Tsohon ma'aikacin kotu: Ban ce ka ɓoye ba, cewa na yi ka karanta hukuncin. Sannan ka sani bankuna suna kai bayanin basussukan abokan hulɗarsu ga BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma duk bankin da ka nufa zai duba can ya ga ragowar da ba a biya ba, ko a Garwa ka nema ko a Gaundare. Hanya ita ce ka zauna da bankin farko ku yi yarjejeniya a rubuce kan ragowar, ka riƙa biya kana adana rasit, idan ka gama ka karɓi takardar shaidar cewa ba sa binka. Bayan haka ka buɗe asusun ajiya a ƙaramin banki mai lasisi, wanda ke ƙarƙashin sa idon COBAC, hukumar da ke kula da bankunan yankin, ka riƙa zuba cinikinka a ciki, ka fara da ƙaramin rance ka biya a kan lokaci. Wannan ne kaɗai abin da zai gyara sunanka.

Wani malami: Ban yarda a ce shi kaɗai ba ne. Ruwan da ke kan rancen shi ya jefa bawan Allah nan cikin wannan hali, yanzu kuma ana nuna masa hanyar komawa. Ɗan'uwa, ka nemi mai dukiya ku yi ƙiradi, shi da jari kai da aiki, ku raba riba yadda kuka yarda a gaban shaidu.

Dillalin albasa: Malam, wa zai ba karyayye jari a wannan zamani? Ni da na nemi rancen dubu 500 a ƙaramin banki, sai da suka nemi masu tsaya mini biyu da takardar fili, sannan suka cire kuɗin takardu tun kafin kuɗin ya shigo hannuna. Gara ya koma wurin manyan 'yan sari ya karɓi buhu goma bashi, ya sayar ya kawo kuɗi.

Tsohon ma'aikacin kotu: Ko ƙiradi ko bashin buhu, duk kasuwanci ne, kuma idan akwai hani a kansa duk sun shiga ciki. Ƙanena, nawa ya rage a kanka, kuma ka karɓo takardar?

Mai tambaya: Ragowar ba ta da yawa, kuma da mutanen Mubi sun biya ni da tuni na rufe ta. Maiɗakina ta riga ta yarda a sa sunanta, ita ce ma ta kawo shawarar. Akwai wanda ya san ƙaramin bankin da ke karɓar takardar gona a matsayin jingina? Gonar ta gado ce, ba a raba ta ba tukuna.