Soket sun gagare ni shiryawa a akwatin kayan aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa makanikai. A Gusau garejina yake. Wata biyu ke nan da na sayi akwatin kayan aiki mai taya, mai durowa biyar. Sifana da filaya da sukudireba duk sun samu mazauni, soket ne, wato kawunan nan da ake sa wa hannu a kwance noti da su, suka hana ni sakat.

Ina da na rabin inci da na kwata, gajeru da dogaye. Ƙasan garejin babu siminti, da yaro ya tura akwatin sai duk su cakuɗe. Lamba 10, 12 da 14, waɗanda aikin Toyota ba ya yiwuwa sai da su, su nake ta lalube mai mota na tsaye a kaina. Abin yana damuna ƙwarai.

Na kafa ƙusoshi a katako ina zura su, dogayen suka hana durowa rufuwa. Na shimfiɗa tsohon tib na taya a cikin durowar, zamewa ta ragu, amma baƙin mai da ƙurar hunturu suka mayar da wurin caɓi.

Akwai wanda ya gwada maganaɗisu? Ba ya tara garin ƙarfe? Don Allah masu yara da yawa, yaya kuke yi kowane soket ya koma wurinsa kafin a tashi?