Neman shawara kan binciken ambaliya: ta ina zan auna farfaɗowar mutane?

Ɗalibar Zariya:
Assalamu alaikum yan uwa. Ina digiri na biyu ne a fannin kula da bala'o'i, bincikena kan yadda al'umma ke farfaɗowa bayan ambaliya. Malamina ya ce in zaɓi waje ɗaya, ni kuma hankalina ya rabu tsakanin Maiduguri da yankin Haɗeja. Sannan da me ake gane cewa gida ya miƙe bayan ruwa ya ci shi? Don Allah a taimaka.

Ɗan Gwange:
Wa alaikumus salam Malama. Ki zo Maiduguri. Dam ɗin Alau ya fashe a Satumbar 2024, ruwa ya shiga Gwange da Monday Market har fadar Shehu, kuma a 1994 ma ya taɓa yi, ke nan kina da abu biyu da za ki gwada. Dattawan da suka ga duka biyun suna nan da ransu. Amma don Allah kar ki zo da takardar tambayoyi kawai ki tsaya bakin ƙofa, mutane sun gaji, duk wanda ya ga biro da takarda ɗauka yake rajistar tallafi ce, sai ya faɗi abin da yake ganin zai sa a rubuta sunansa.

Maman Ilham:
Gaskiya ya faɗa. Ki nemi mai unguwa tukuna, sannan ki shiga cikin gida ki zauna da mata a tabarma. Tambaye su me suka fara sayarwa, akuya ko keken ɗinki ko ɗan kunne, wa ya ba su masauki a daren farko, adashi ya ci gaba ko ya watse, yara sun koma makaranta ko an ɗora musu talla. Gida zai iya yin sabon katanga alhali bashi ya yi wa mai gidan katutu, ke kuma ki rubuta ya farfaɗo.

Manomin Auyo:
Ni dai Haɗeja zan ce ƙanwata, mu kusan duk damina ne. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga ruwan da ke gangarowa daga dam ɗin Tiga da na Challawa. NIHSA, hukumar tarayya mai sa ido kan ruwan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, to ki binciko mana a ina saƙon ke maƙalewa kafin ya iso kunnen mai shinkafa a fadama, kuma ko ya ji ɗin ina zai koma da iyalinsa. In kin gama ki dawo ki karanta mana da Hausa.

Ɗalibar Zariya:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Baba na Auyo, wane wata ya fi dacewa in zo?