Wai akwai allurar rigakafin kansar limfoma?

Ƙanwar majinyaci:
Salam 'yan uwa, yayana ne aka ce yana da limfoma, kaluluwa ta kumbura masa a wuya da hammata, kullum da dare gumi sai ya jiƙe zanin gado. An fara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, sai na ji wai akwai allurar rigakafinta, don Allah ya take aiki?

Ɗalibin likitanci:
Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa. Ba irin ta polio ba ce, wanda cutar ta riga ta kama ake yi wa. Ana ciro wani furotin daga jikin ƙwayar kansar mutum shi kansa, a haɗa allura da shi, garkuwar jiki ta gane abokin gaba ta riƙa farautarsa, Ronald Levy na jami'ar Stanford a Amurka ya daɗe a kan wannan. Matsalar ita ce limfoma daga ƙwayoyin garkuwar take fitowa, kuma rituximab, wani magani da ake ba masu limfoma, yana share wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar da ake kira ƙwayoyin B na watanni, sai wani rukunin, ƙwayoyin T, su rage da aikin.

Nas:
Haka ne wallahi. A 2019 a asibitin Mount Sinai na New York sun yi wata irin allurar daban cikin ƙarin kansar kai tsaye haɗe da gashin ƙarin da na'ura (radiotherapy), a wasu majinyatan har ƙarin da ke nesa ya ragu. Amma gwaji ne, kada ya bar kemonsa.

Ƙanwar majinyaci:
Na gode sosai, jibi za mu koma asibiti.