Digirin hidimar jama'a a Amurka: wanne ne mai araha, kuma yana biyan bukata?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare a Bronx, a birnin New York, tana da katin zama na dindindin, tana son karatun hidimar jama'a, wato taimakon marasa galihu, tsofaffi da yara. Ƙarfinmu kaɗan ne. Ina za mu nufa, kuma karatun zai ci da ita?

Malam Na-Zango: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai ta cike fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, kyauta ne. Da shi ake samun tallafin Pell, wanda ba a mayarwa, ƙololuwarsa dala 7,395 a shekara, gwargwadon abin da gida ke samu. Mai katin zama ya cancanta, mai bizar ɗalibi bai cancanta ba. Ta haɗa da neman TAP, tallafin kuɗin karatu na jihar New York.

Sai ta fara da kwalejin shekara biyu ta CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, kamar BMCC da ke Manhattan ko ta Bronx. Kuɗin karatu ga mazaunin birni dala 4,800 ne a shekara, na kwalejojin shekara huɗu kuma 6,930. Kin ga Pell kaɗai na iya rufewa. Kiredit, wato ma'aunin yawan darussa, 60 ake nema a matakin farko, 120 a cikakken digiri.

Inda yara ke faɗawa rami shi ne wajen zaɓen AS ko AAS, nau'i biyu na digirin shekara biyu. AAS an tsara shi ne don a fita a kama aiki, sau da yawa idan aka zo ci gaba sai a ƙi lissafa wasu darussansa, a maimaita zango da kuɗi. Mai niyyar cikakken digiri ta ɗauki AS, ta zauna da mai ba ɗalibai shawara tun zangon farko.

Anti Balaraba: Yaya, abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ga muhimmin wuri. Digirin hidimar jama'a daban, na aikin walwalar jama'a, BSW, daban. Na farkon yana ba da aikin mataimaki: bin fayil ɗin mabukata, aiki a gidan marasa matsuguni. Matsakaicin albashinsa a 2023 kusan dala 41,000 ne a shekara, na ma'aikacin walwala kuwa kusan 58,000. A New York ba a ba da lasisin aikin walwala, LMSW, sai da digiri na biyu, MSW, da cin jarrabawar lasisi ta ASWB.

Don haka bayan shekara biyu ta koma karatun walwala wanda hukumar CSWE, mai tantance makarantun aikin walwala, ta amince da shi, kamar na kwalejin Lehman. Mai irin wannan digiri da sakamako mai kyau kan yi MSW a shekara ɗaya maimakon biyu. Ku sani akwai aikin koyo na aƙalla awa 400, galibi ba albashi, kuma da rana ake yinsa. Wadda ke aikin yini ta tanadi wannan tun da wuri.

Malam Na-Zango: Ƙari ɗaya, Hajiya. Makarantun kuɗi da ke talla a intanet, a bincika sunansu a shafin CSWE kafin a sa hannu. In bashi ya zama dole, a ci na gwamnatin tarayya: wanda ya yi aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ya biya sau 120, shirin PSLF na yafe masa ragowar.

Maman Sadiya: Allah Ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu za mu fara da FAFSA ɗin.