Ontoloji: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Jama'a, masu aikin Wikidata (rumbun bayanai na intanet da Wikipedia ke amfani da shi) da Hausa na ta cin karo da wannan kalma. A fannin kwamfuta, ontoloji tsari ne da ke faɗa wa na'ura ire-iren abubuwan da ke akwai da yadda suka danganci juna: akuya dabba ce, Zinder gari ne a Nijar. A Wikidata, wadda aka buɗe a 2012, kowane abu da lambarsa. Najeriya Q1033 ce, ko da wane harshe ka kira ta.

Wani malami ya kawo "ilimin samuwa". Allah ya ƙara sani, malam, amma wannan na 'yan falsafa ne, masu bahasin wujudi. Wasu sun ce "tsarin ilimi". Bahaushe na jin haka makarantu da manhaja za su faɗo masa a rai. "Rabe-rabe" kuwa rabin aikin kawai ya ɗauko, ya bar dangantaka a baya.

Ni dai "nasabar ma'anoni" na zaɓa. Mun san nasaba: wane ɗan wane, jikan wane. Muna kuma cewa abu kaza na da nasaba da kaza. Ta haɗa tsatso da alaƙa ke nan, su ne kuwa ginshiƙan abin.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Kowane gida da nasabarsa, haka ma harshe. Dubi WordNet, ƙamus na kwamfuta mai ba kowace ma'ana gurbinta, da aka fara a Jami'ar Princeton a 1985 bisa Turanci. Gurbi ɗaya ya ware wa ɗan'uwan mahaifi da ɗan'uwan mahaifiya. Mu kuwa baffa daban, kawu daban, kuma a ɗaurin aure baffa ake nema ya yi walicci. Goggo ba inna ba ce. Wa da ƙane ma sai ka san wanda ya girmi wani kafin ka buɗe baki. In ka liƙa "kawu" a wancan gurbi, na'ura za ta mai da baffanka ɗan'uwan mahaifiyarka. Dole a tsaga gurbin biyu. Lokutan shekara ma haka: damina, kaka, hunturu da bazara ba su hau kan na Turai ba.

Maganar ba ta wasa ba ce, tunda a 2021 an sa Hausa cikin harsunan da shirin Abstract Wikipedia, na samar da maƙaloli a harsuna da yawa daga bayanan Wikidata, zai fara mai da hankali a kansu.

Illar "nasabar ma'anoni" ɗaya, ta yi tsawo. A rubutu sai a kawo ta cikakkiya da farko, daga nan a riƙa cewa "nasabar". 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ya ta zauna a bakinku?